Injin da ke tsince dutse a bakin rami, da abin da zai iya yi wa Maraɗi

Duk wanda ya taɓa sayen tsakuwa a Maraɗi domin zuba harsashin gida ko ɗora bene ya san cewa babban kaso na kuɗin da ya biya na gazuwal ne da taya da ladan direba da na ƴan lodi, dutsen kansa kuwa a bakin rami ba shi da tsada sosai. Idan kamiyo ya juye kayansa a ƙofar gida, magini yakan ɗebi hannu guda ya murza, ya ga yawan ƙasa da yumɓu da ruɓaɓɓen dutsen da suka biyo tsakuwar, waɗanda aka biya musu kuɗin mota daidai da wanda aka biya wa dutse mai kyau. Wannan asara ta ɗaukar abin da ba a bukata ita ce ta fi damun masu haƙar ma'adinai a ko'ina cikin duniya, sai dai tasu ta fi muni nesa ba kusa ba, domin mai haƙar zinariya yana iya ɗaukar tan guda na dutse, ya kai shi nesa, ya niƙe shi ya zama gari, ya wanke shi, duk saboda giram biyu ko uku da ke ɓoye a ciki. Fasahar tsince dutse da na'ura, musamman irin wadda ake iya ɗauka daga wannan rami zuwa wancan, an ƙirƙiro ta ne domin a zubar da dutsen banza tun a inda aka haƙo shi, kafin ya ci kuɗin mota da wuta da ruwa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matar da ta baza wake a faifai tana ɗauke tsakuwa da mai ƙwaro ɗaya bayan ɗaya, aikin nan take yi, haka kuma masu haƙar ma'adinai na zamanin da suka riƙa yi da hannu, suna duba kowane dutse suna jefa mai kyau a wannan tari, marar amfani a wancan. Ƴan kasuwar riɗi da shinkafa da ke mu'amala da ƙasashen waje sun san injin da ke duba launin ƙwaya yana fitar da baƙa daga cikin farare. Injin tsince dutse ɗan'uwansa ne, bambancinsu shi ne nauyin abin da ake tsincewa da kuma irin idon da aka sanya wa injin.

Yadda aikin ke gudana shi ne, da farko sai an farfasa dutsen, sannan a tankaɗe shi a manyan rariyoyin ƙarfe domin a raba shi gwargwadon girma. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka saba bi ita ce kada babban dutsen da ke cikin kaso guda ya wuce ninki uku na ƙaraminsa, wato idan ƙaramin milimita 20 ne, babban kada ya haura milimita 60. Daga nan sai a zuba shi a kan bel mai gudun kimanin mita 3 a cikin daƙiƙa guda, a baje shi yadda babu dutsen da zai hau kan ɗan'uwansa, domin injin kowane dutse yake dubawa shi kaɗai. Dutsen yana wucewa ta gaban na'urar gani, kwamfuta ta auna abin da aka gani ta yanke hukunci nan take, kuma a daidai lokacin da dutsen ya bar ƙarshen bel ɗin yana cikin iska, wasu ƙananan bututu da aka jera a ƙasa sukan buɗe su feso matsattsiyar iska a kan wanda aka zaɓa, ya kauce daga hanyarsa ya faɗa wani kwaroro dabam. Tsakanin gani da feso iska ƙiftawar ido ma ta yi tsawo, kuma haka injin yake yi wa dubban duwatsu a jere ba tare da ya gaji ko ya yi gyangyaɗi ba.

Idon injin iri-iri ne, kuma zaɓen wanda ya dace shi ne ƙashin bayan al'amarin duka. Akwai kamara mai duba launi, wadda ta dace da inda dutsen da ake nema ya bambanta da sauran a zahiri, kamar farin dutse a cikin ja. Akwai leza, mai haska dutse ta auna yadda hasken ya watsu a jikinsa, kuma ta yi fice wajen gane ƙanƙarar dutse, wato farin dutsen nan mai ƙyalli da zinariya ta saba zama a cikin jijiyarsa. Akwai na'ura mai jin ƙarfe, ɗan'uwan abin da masu neman zinariya suka riƙa yawo da shi a hamadar Jado tun shekarar 2014. Akwai kuma mai auna tururin da yuraniyom ke fitarwa, wadda aka daɗe ana amfani da ita a ma'adinan yuraniyom. Amma wadda ta sauya fasalin sana'ar a shekarun baya-bayan nan ita ce mai amfani da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wadda ake kira XRT. Hasken yana ratsa dutsen gaba ɗaya, kuma kamar yadda ƙashi ke tare shi fiye da tsoka, haka ma'adinai masu nauyi irin su kuza da dalma da tagulla ke tare shi fiye da dutsen da ke kewaye da su. Kamara da leza fatar dutse kawai suke gani, saboda haka sai an wanke shi da ruwa kafin su yi aiki, alhali XRT cikinsa take gani, ƙura ko laka ba sa ruɗa ta sosai. A ƙasar da ruwa ke da tsada irin tamu, wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai.

Shaidar amfanin fasahar tana nan a fili a wurare da dama. A ma'adinin lu'ulu'u na Karowe da ke Botsuwana, injin XRT na kamfanin TOMRA ne ya tsinto dutsen da aka raɗa wa suna Lesedi La Rona mai nauyin karat (ma'aunin lu'ulu'u) 1,109 a watan Nuwamba na 2015, kuma a watan Agusta na 2024 aka sake tsinto wani mai karat 2,492 a wurin da irin wannan fasaha. Da an bi tsohuwar hanya, ta yiwu injin farfasawa ya ragargaza su kafin kowa ya san suna nan. A ma'adinin kuza na San Rafael da ke Peru, tun daga 2016 ake amfani da XRT wajen sake bin tarin duwatsun da aka jibge a gefe a matsayin marasa riba, ana fitar da kuza daga cikinsu. A arewacin Saudiyya kuwa, kamfanin Ma'aden yana amfani da ita wajen cire ƙanƙara mai tauri daga dutsen fosfat, wanda da shi ake yin takin zamani, kafin a kai shi niƙa. Wurare uku ne da ma'adinai uku mabambanta, amma abin da ya haɗa su shi ne, a kowannensu dutsen da ake so da wanda ba a so sun rabu da juna tun suna manya, kuma akwai idon da ke iya bambance su.

Dalilin da ya sa manyan kamfanoni suka rungumi wannan hanya yana ga kuɗin niƙa. Mayar da dutse gari shi ne aikin da ya fi kowane cin wuta a masana'antar ma'adinai, har masana suna ƙiyasta cewa farfasawa da niƙan duwatsu na lashe wajen kashi 3 cikin 100 na wutar lantarkin duniya baki ɗaya. Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai domin a fahimta. A ce an haƙo tan 100 na dutse mai giram 2 na zinariya a kowane tan, wato giram 200 a jimlace. Idan injin ya iya zubar da tan 40 waɗanda giram 10 kacal ke cikinsu, to tan 60 ne za a ɗora a mota a kai niƙa, suna ɗauke da giram 190, wato sama da giram 3 a kowane tan. An yi asarar giram 10, amma an tsira da kuɗin mota da wuta da ruwa da sinadari na tan 40, sannan lakar da za ta taru a bayan masana'anta ta ragu da wannan gwargwado. Idan kuwa dutsen da aka zubar ya tafi da giram 60 maimakon 10, to injin ya zama ɓarawo a cikin gida, kuma mai shi ba zai ankara ba sai in yana ɗibar samfuri daga tarin da aka zubar yana kai wa ɗakin gwaji a kai a kai.

Kalmar “tafi-da-gidanka” da ake liƙa wa wasu daga cikin waɗannan injuna tana bukatar a tsaya a kanta, domin takan sa mutum ya zaci wani abu ne da za a ɗora a bayan a-kori-kura a kai shi daji da safe a dawo da shi da yamma. Abin da kamfanoni irin su TOMRA na Norway da Steinert na Jamus ke nufi shi ne an haɗa injin da ɗakin sarrafa shi a cikin kwantena ko a kan tirela, ta yadda ba sai an gina masa masana'anta ba. Amma ba ya tafiya shi kaɗai. Yana bukatar injin farfasa dutse a gabansa, da rariya, da belolin da za su kawo su kwashe, da katafila mai loda masa, da babban kwamfaresa mai tara iska, wanda sau da yawa shi ne ya fi injin tsincewar kansa cin wuta, da kuma injin wuta mai ƙarfin ɗaukar wannan ayari duka. Kwashe su daga wuri zuwa wuri aikin kwanaki ne da manyan motoci da yawa. Duk da haka fa'idar tana da girma, domin ƙaramin rami wanda arzikinsa ba zai wuce shekara biyu ko uku ba, babu mai hankalin da zai gina masa masana'antar dindindin, amma injin da za a iya kwashewa idan ramin ya ƙare yana iya biyan kansa a ramuka huɗu ko biyar. Haka kuma yana ba da damar a gwada dutsen wuri na wasu watanni kafin a zuba dukiya mai yawa.

Akwai iyakoki biyu da dillalan injuna ba su cika son tsayawa a kansu ba. Na farko, duk lokacin da aka farfasa dutse wani kaso nasa yakan zama ɓarɓashi da gari, kuma abin da bai kai kimanin santimita guda ba injin ba ya iya tsince shi da riba, domin yawan tan da yake ci a awa yana raguwa ne yayin da duwatsun ke ƙanƙancewa. Dutse mai laushi ko ruɓaɓɓe, irin wanda ake samu a saman ƙasa inda ruwan sama ya daɗe yana ci, yawancinsa ta ƙarƙashin rariya zai bi, bai ma isa gaban injin ba. Na biyu, idan ma'adinin ya watsu daidai wa daida a cikin kowane dutse, kamar gishiri a miya, to babu abin da za a tsince, komai kyan idon injin.

Wannan ya kawo mu ga zinariyar kudancin jihar Maraɗi. Yawancin ƙasar jihar yashi ne da duwatsun da ruwa ya shimfiɗa, amma a kudu, wajen Madarunfa da Ɗan Isa zuwa iyakar Najeriya, tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa ya leƙo sama, irin wanda ya ratsa Katsina da Zamfara, kuma a nan ne jama'a suka yi tururuwa a shekarar 2021 da jin labarin zinariya. Mai jin labarin injin da ke gani har cikin dutse zai ɗauka cewa zinariyar zai nuna masa, alhali giram biyu ko biyar a cikin tan guda sun yi ƙanƙanta ƙwarai a ce XRT ta gan su. Abin da injin ke bi shi ne abokan tafiyar zinariya. Idan a wannan wuri tana zaune ne a cikin jijiyar ƙanƙara, sai a sa leza ta nemi ƙanƙarar, idan kuma tana tare da ma'adinan farar wuta masu nauyi, irin ƙyalƙyalin nan mai ruwan ɗorawa da ke yaudarar sabon shiga, sai XRT ta bi su. Wannan dangantaka takan bambanta daga rami zuwa rami, har ma daga saman rami zuwa ƙasansa, shi ya sa ake aika ɗaruruwan kilo na samfuri, wani lokaci tan-tan, zuwa cibiyoyin gwaji kafin a sayi inji. Sayensa ba tare da wannan gwaji ba cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa ƙarara. Ruftawar ramukan da ta kashe aƙalla mutum 18 a yankin Ɗan Isa a watan Nuwamba na 2021 matsala ce ta yadda ake haƙa, ta ramuka kusa da kusa marasa madogara a cikin ƙasa mai laushi, kuma injin tsince dutse ba shi da abin cewa a kanta, tunda aikinsa yana farawa ne bayan dutse ya fito. Inda zai iya taɓa lafiyar jama'a shi ne wajen niƙa. A Zamfara, a shekarar 2010, yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar gubar dalma, saboda an riƙa kai dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duk tan ɗin da aka zubar a bakin rami tan ne da ba a niƙa ba, ƙurarsa ba ta tashi ba, ba a zuba masa zaiba ko wani sinadari ba. Sai dai a lura, dutsen da injin ya ware a matsayin mai kyau yana iya fin na farko yawan dalma, tunda nauyi XRT ke bi, don haka kai shi gida ya fi da haɗari.

Ta fuskar tsakuwar gini kuwa, lissafin ya sha bamban, kuma a ganina a nan ne aka fi saurin ruɗuwa. Tsakuwa kaya ce mai arha a kowane tan, ribarta tana ga yawa, alhali injin tsincewa yana ɗora wa kowane tan kuɗin iska da wuta da gyara. Abin da ke ɓata tsakuwar da ake haƙowa a gefen Gulbin Maraɗi da sauran wuraren burji shi ne ƙasa da yumɓu da rashin daidaiton girma, waɗannan kuma rariya mai jijjiga da wanki ne maganinsu, kayan da makanikan garin nan za su iya gyarawa, wasu ma su ƙera. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 kuma kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke ginawa, yana bukatar tarin dutse mai tauri a ƙarƙashinsa, amma irin wannan dutse daga tsauni guda mai kyau ake fasa shi a tankaɗe, tsincewa ba ta cika shigowa ba. Inda injin ke samun gurbi a wannan fanni shi ne inda wani baƙon abu ke lalata kaya mai daraja, misali ƙanƙara a cikin dutsen farar ƙasa da ake ƙonawa a yi siminti, irin aikin da ake yi a Malbaza, ko dutse a cikin kwal, ko kuma inda ake son farin dutse zalla domin gilashi ko kwalliyar gini. Akwai ma wani nau'in ƙanƙara da ke faɗa da siminti a hankali har kankare ya kumbura ya tsage bayan shekaru, kuma ga babbar gada ko madatsar ruwa cire shi yana iya biyan kuɗin injin. Ga mai buga bulo a unguwa kuwa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Sai batun muhalli da kayan aiki, wanda ba ya bukatar dogon bayani ga mazaunin Maraɗi. Wutar yankin nan ta daɗe tana dogara da layin da ya taso daga Katsina, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga lokacin da Najeriya ta katse ta a watan Agusta na 2023, ballantana bakin rami a daji inda babu turakun wuta sam. Gazuwal ne zai ɗauki nauyin komai. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu abokan gabar na'urorin lantarki ne, bututun da ke fitar da hasken na'urar XRT yana bukatar sanyaya kuma yana da wa'adin aiki, idan ya mutu daga Turai ko Sin ake kawo wani, sannan doka ta tanadi a nemi izinin hukuma kafin a mallaki na'ura mai fitar da irin wannan haske, tare da horar da masu aiki kusa da ita. Ƙananan bututun iskan nan ma, idan goma suka toshe a cikin ɗaruruwa, injin zai ci gaba da ruri kamar lafiya lau yana zubar da dukiya.

Ba za a manta da mata da matasan da ke samun abinci daga fasa dutse da tankaɗe tsakuwa da hannu ba. Aikinsu mai wuya ne, ƙurarsa tana cin huhu, amma shi ne abin dogaronsu, kuma injin da mutum uku ko huɗu ke tafiyarwa yana iya maye gurbin mutane masu yawa. Wanda zai kawo shi ya kamata ya sa wannan a cikin lissafinsa tun farko, haka ma hukumomin da za su ba shi izini.

Idan har fasahar za ta shigo jihar nan ta yi amfani, hanyar da na fi gani mai yiwuwa ita ce ta haya, domin farashin ayarin injunan ya fi ƙarfin mai rami guda, kuma rami guda ba ya fitar da dutsen da zai ciyar da su kullum. Ɗan kasuwa ko ƙungiyar masu haƙa za su iya kafa shi a wuri ɗaya kusa da ramuka da yawa, kowa ya kawo dutsensa a tsince masa a biya bisa tan, kamar yadda ake kai hatsi wurin mai injin niƙa, idan arzikin wurin ya ja baya a kwashe a koma gaba. Matsalar da za ta taso ita ce ta amana, domin mai dutse zai so ya tabbatar cewa tarin da aka ce masa banza ne, banzan ne da gaske, kuma ba mai injin ne zai dawo da dare ya kwashe shi ba. Wannan yana bukatar ɗakin gwaji mai zaman kansa da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi tana koyar da ilimin duwatsu, makarantar EMIG ta Yamai kuma tana yaye injiniyoyin ma'adinai, kuma matakin farko na gwajin bai fi ƙarfinsu ba: a ɗebo duwatsu ɗari ko ɗari biyu daga rami guda, a sa wa kowanne lamba, a rubuta launinsa da nauyinsa da kamanninsa, sannan a auna zinariyar da ke cikin kowanne shi kaɗai. Idan aka tarar cewa ƴan duwatsu kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan zinariyar, kuma suna da wata alama da ta haɗa su, to wurin ya cancanci a aika samfurinsa ga masu injin. Idan kuwa ma'aunin ya fito kusan ɗaya a dukkansu, gara a kashe kuɗin a kan katakon tokare ramuka da rariya mai kyau.